Maganar wa zan bi cikin masu kallon shirina na labaran kimiyya?

Tambaya: Mushe, barka da aiki. Na gama karatun kimiyya a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta nan Maraɗi, kuma wata takwas ke nan ina fitar da bidiyo duk Juma'a da yamma, labaran kimiyya biyar cikin minti goma, da Hausa, a Facebook da YouTube. Masu kallo sun ɗaure mini kai. Wasu sun ce shirin ya yi tsawo yana cinye musu forfe, wasu sun ce gudu nake yi ba na bayani. Wasu na cewa ina ruwan manomin gero da duniyar Mars, wasu kuma duk abin da na kawo sai su ce ƙaryar Nasara ce. Sauran ba sa wuce "Masha Allah". Maganar wa zan bi? Ko in rushe tsarin in sake wani?

Amsa: Ɗana, barka kadai, Allah ya yi wa aikin albarka. Sai da na zauna na kalli shirinka guda shida kafin in amsa maka. Na yi shekaru ina koyar da kimiyyar rayuwa da ta ƙasa a lise, na kuma daɗe ina gabatar da irin wannan shiri a rediyo, saboda haka abin da ke cin ranka na san shi. Kada ka rushe tsarin. Shirin mako-mako yana da wani alheri da bidiyon da ake fitarwa jefi-jefi ba shi da shi: mutane suna sabawa da ranarka, suna jiran ka, kai kuma kana da damar komawa ka gyara abin da ka faɗa. Wannan damar ta ƙarshe ita ce ba ka taɓa amfani da ita ba, kuma a kanta zan fi tsayawa.

Amma mu fara da su wane ne ke yi maka maganar nan. Wanda zai zauna ya rubuta maka sharhi a ƙarƙashin bidiyo mutum ne da ya yi lakkol, hannunsa ya saba da rubutun boko, yana da rezo mai kyau da sauran forfe. Galibi namiji ne matashi, a cikin gari ko a ci-rani, Agadas, Aljeriya, Abijan, Kano. Tun a 2006 wani masanin amfani da intanet mai suna Jakob Nielsen ya bayyana cewa a yawancin dandali, cikin mutum 100 kusan 90 kallo kawai suke yi su wuce, 9 kan tofa albarkacin bakinsu lokaci-lokaci, mutum guda ne ke yin mafi yawan surutun. Can ke nan inda kusan kowa ya iya rubutu. A nan abin ya fi haka karkata. Matar da ke kallon ka da dare a salular mijinta ba za ta rubuta komai ba. Dattijon Jiratawa da ɗansa ya tura wa shirin ta WhatsApp bai ma san kana da shafi ba. Wanda aka zuba wa a kati wurin mai cajin salula, ba ya cikin kowane lissafi. Adadin kallon da kake gani shi ma kada ya ruɗe ka, don Facebook ya daɗe yana ƙirga wanda bidiyo ya yi daƙiƙa uku a gabansa a matsayin mai kallo.

Ranar Asabar bayan isha'i na tsaya wata fada a Bagalam inda tsofaffin ɗalibaina ke zama, na ce su buɗe mini shirinka na makon. Su takwas ne. Aka jingina salula da gwangwanin sukari, buta na kan gawayi, mai shayi yana fifita. Labarinka na farko a kan James Webb ne, madubin hangen sararin samaniya, ka ce hasken da ya ɗauko ya baro inda ya taso tun shekaru biliyoyi. Ba ka rufe baki ba wani tela ya ce wannan ba ta shiga hankali, yaya za a ga abin da ya riga ya wuce? Wani ɗan kabu-kabu ya ce masa: "To kai da damina ba walƙiya kake fara gani ba, sannan tsawa ta iso? Tsawar da ka ji ai ta riga ta faɗi." Wallahi ni da na yi shekaru da alli a hannu ban taɓa kawo misalin da ya kai wannan zama a kunne ba. Gardama ta kaure har aka sauke shayi na farko aka ɗora na biyu. Duk wannan lokaci kana can cikin salula kana ta magana. Labari na biyu ya wuce, na uku ya wuce, na huɗu ya wuce, babu wanda ya ji. Sai da ka ambaci ruwan sama a na biyar wani ya ce: "Tsaya, mayar baya."

Ka ga masu cewa ya yi tsawo da masu cewa kana gudu, ciwo ɗaya suke nuna maka, kowa da inda ya dafa. Labaran ne suka yi yawa. Tsarin nan na labari biyar a jere ya fi dacewa da mutum guda da ke zaune shi kaɗai da abin ji a kunne. Mu kuwa a taro muke kallo, kuma labari mai daɗi sai an tauna shi, to sai ya danne na bayansa. Ka mayar da su uku. Ka ba ɗaya minti huɗu ko biyar ka shiga cikinsa sosai, sauran biyun ka wuce da sauri. Bayan cikakken shirin, ka yanka kowane labari ka fitar da shi daban, ka kuma fitar da sauti zalla marar nauyi, wanda mai forfen dala ashirin zai iya saukewa. Kiɗan buɗe shiri da roƙon a danna a bi ka suna cin kusan minti guda, ka cire. Sallama da gaisuwa kam ka bar su, Bahaushe ba ya shiga magana babu sallama. YouTube yana nuna maka zanen inda mutane ke barin bidiyo, daƙiƙa bayan daƙiƙa, kuma wannan zanen ya fi sharhi ɗari gaya maka gaskiya a kan tsawo.

Yanzu ga abin da babu wanda ya rubuta maka, kuma shi ya fi damuna. Ma'aunin da na fi yarda da shi shi ne ka sami mutum bayan kwana uku ka ce ya ba ka labarin da ya ji, da bakinsa. A watan Oktoba na 2021, da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da allurar rigakafin zazzaɓin cizon sauro ta farko, RTS,S, na kawo labarin a rediyo da murnata. Na faɗi duk abin da ya kamata: sau huɗu ake yi wa yaro, a babban gwaji ta rage kamuwa da kusan huɗu cikin goma, mai tsanani kuma kusan uku cikin goma, kuma a Gana da Kenya da Malawi kawai ake bayar da ita a lokacin. Bayan 'yan kwanaki wata mai sayar da tafasa da ta san muryata ta tare ni a bakin kasuwa, goye da jariri, ta ce: "Mushe, ashe an samu allurar masassara? To yanzu sai mu huta da ɗaura sange." Gabana ya faɗi. Cikin magana ta minti uku, kalma huɗu ta ɗauka ta tafi da su: an samu allurar masassara. Na tsaya na yi mata bayani cewa sange na nan daram, maganin da ake bi gida-gida ana ba yara da damina shi ma yana nan. Amma ita kaɗai na gani. Wasu sun je likita sun tambaya aka ce babu, suka koma gida da cewa rediyo ta yi ƙarya. Sai a 2023 aka amince da ta biyu, R21, sai kuma a 2024 Nijar ta fara bayar da allurar, daga Gaya a jihar Doso. Shekara uku tsakanin labarina da isowarta ƙasar, kuma a cikin shekarun nan ban koma na ce musu ga inda aka kwana ba. Wannan laifina ne.

Haka shirin labaran mako yake in ba a kula ba: kullum farkon labari yake kawowa, ba ya kawo ƙarshe. Kimiyya kuwa a farkon ne ta fi yin kuskure. A 2014 masu bincike daga Jami'ar Cardiff sun duba sanarwar manema labarai 462 da jami'o'in Birtaniya 20 suka fitar a kan binciken lafiya. Sun tarar cewa cikin waɗanda suka shafi gwaji a kan dabbobi, kashi 36 cikin 100 sun yi magana kamar a kan mutane aka gwada. Inda sanarwar ta yi wannan zuzutawa, kashi 86 na labaran jaridu sun bi sahu. Inda ba ta yi ba, kashi 10 ne kawai. Wato tun daga tushe ruwan yake gurɓacewa, kai kuma a can ƙarshen gulbi kake ɗiba, bayan labarin ya bi ta Ingilishi, ya bi ta Faransanci. Ka tuna a watan Yuli na 2023 yadda duniya ta ɗauka cewa wasu masana a Koriya ta Kudu sun haɗa wani sinadari, LK-99, da wutar lantarki za ta bi ba tare da asara ba. Kafin watan Agusta ya ƙare ɗakunan gwaji da dama sun gwada sun ga ba haka ba ne. A 2011 an sanar cewa wasu ƙananan ƙwayoyi da aka harba daga CERN, cibiyar binciken kimiyya ta Turai, zuwa Italiya sun fi haske gudu, a 2012 aka gano wata wayar na'ura ce ba ta ɗauru da kyau ba. A wurin masana wannan ba abin kunya ba ne, haka aikin yake tafiya, wani ya faɗa wasu su gwada. Amma mai kallon da duk Juma'a ake ce masa "an gano", shekara ta zagayo bai ga ko ɗaya a likita ko a kasuwa ba, in ya ce ƙarya ce, kada ka ga baƙinsa da sauri.

Saboda haka ka buɗe wani ɗan fili a kowane shiri, minti ɗaya ko biyu, ka kira shi "Ina aka kwana?" Ka ɗauko labarin da ka kawo wata uku ko shida baya ka faɗi abin da ya biyo: ya tabbata, ya rushe, ko har yanzu shiru. In kai ne ka yi kuskure ka ce na yi kuskure, da sunan ranar da ka yi shi. Na san abin da kake tsoro, kada a ce yaron nan bai san abin da yake yi ba. Abin da na gani a rediyo akasin haka ne: ranar da na fara gyara kaina a fili, ranar dattawa suka fara ɗaukar maganata da nauyi. Wani bincike da masana na Jami'ar Cambridge suka fitar a 2020 ya nuna cewa in aka gaya wa mutane adadi tare da iyakar shakkar da ke cikinsa, daga kaza zuwa kaza, yardarsu ga mai maganar ba ta wani raguwa. Mutanenmu ma da suka saba da hasashen damina sun san bambancin "ana sa rai" da "ya sauka".

Kuma kowane labarin magani ka faɗi matakin da yake, a cikin jimlar da ka kawo shi: a kwalba ne cikin ɗakin gwaji, a ɓera ne, a mutum arba'in ne, ko ya kai ga dubbai. Cikin magunguna goma da ke kaiwa ga gwaji a jikin mutane, kusan tara ba sa kaiwa kasuwa, balle wanda ke wurin ɓera. "An gano" ka ajiye ta sai abin da ya tabbata. Muna da "an gwada", "alamu sun nuna", "ana kyautata zato". Ka kuma yi hankali da "wai". Na ji ka ce "wai masana sun ce" a kan abin da ba shi da shakka ko kaɗan, alhali a kunnen Bahaushe "wai" janye jiki ne, kamar kai ma ba ka yarda ba.

Dalilin da ya sa na ce a cikin jimla ɗaya, shirinka ba ya isa ga yawancin mutane yadda ka fitar da shi. Ana yanka shi. Wani zai ɗauki daƙiƙa talatin da suka fi ba shi tsoro ya watsa a rukunin WhatsApp, babu kai babu gindi. A watan Fabrairu na 2025 yiwuwar wani dutsen sararin samaniya mai suna 2024 YR4 ya faɗo wa duniya a 2032 ta hau har kusan kashi 3 cikin 100, cikin mako guda da aka ƙara auna hanyarsa ta sauko kusan sifiri. Wanda ya yi bidiyo ranar da ta hau, bidiyonsa zai ci gaba da yawo shekaru. Ni kaina an taɓa yanko muryata ina bayanin amfanin zogale, aka cire inda na ce ba ya maye gurbin maganin likita, aka liƙa a tallar wani mai maganin gargajiya da ke yawo da lasifika. Magana zarar bunu ce. Ka rubuta kwanan wata a kusurwar hoto tun daga farko har ƙarshe, ka kuma faɗe shi da baki a kan kowane labari.

Masu cewa ina ruwanmu da Mars, rabin maganarsu zan ɗauka. Kada ka daina kawo labarin sama. Duk wanda ya yi wayo a garin nan a 2006 yana tuna ranar Laraba 29 ga Maris, da hantsi, da rana ta kama. Ina tsakar lise da ɗalibai, iska ta yi sanyi, kaji suka nufi akurki, taurari suka fito, aka ji kabbara daga masallatai ta ko'ina. Makonni bayan nan babu tambayar da ake yi mini a hanya sai yadda aka yi masana suka san ranar da sa'ar tun kafin ta zo. Mutanen da ke neman jinjirin wata duk azumi, suka san Zara matar wata, suka san Kaza da 'ya'yanta, ba za a ce ba ruwansu da sama ba. Fadar Bagalam ma ai a kan labarin sama ta yi zafi.

Inda suke da gaskiya shi ne, cikin shiri shida da na kalla babu labari ko ɗaya da aka yi aikinsa a ƙasar nan. Mai kallo zai ɗauka kimiyya wata aba ce da ake yi a Amurka da Sin, mu namu saurare. Alhali ka hau kabu-kabu minti kaɗan kana tashar INRAN, cibiyar binciken noma ta ƙasa, da ke Tarna. A can aka yi shekaru ana aikin yaƙi da murzuna, tsutsar nan da ke cin zangarniyar gero tana zagaya ta, ta hanyar sakin wani ɗan mitsitsin ƙwaro dangin zanzaro mai suna Habrobracon hebetor. Ana kai shi ƙauye cikin 'yan ƙananan buhuna a rataye, ya fito ya nemi tsutsar ya shanye mata jiki ya yi ƙwai a kanta, babu feshin guba. Buhun PICS mai riɓi uku da 'yan kasuwar wake suka sani, masanan Jami'ar Purdue da na nan suka yi aikinsa tare, kuma sirrinsa bai wuce hana ƙwaro iska ba. Sassaben zamani, wato barin kututture ya tofo a rage masa rassa a raini masu ƙarfi, a jihar nan ya kafu tun wajen 1983, lokacin da Tony Rinaudo ɗan Ostiraliya ya lura cewa abin da ake ɗauka ciyayi ne a gonaki saiwar itatuwa ce da ranta. Manoma suka riƙe abin suka yaɗa shi, har aka ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200 a Nijar, kuma daga ƙasashen duniya ake zuwa koyo. Abdu Mumuni, wanda Jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, a Tasawa aka haife shi a 1929, kuma yana cikin na farko a Afirka da suka duƙufa kan makamashin rana. A Gadufawa cikin Tenere aka tono ƙasusuwan Nigersaurus, wata ƙatuwar dabbar zamanin da mai haƙora sama da 500. Har irin aikin da kake yi an taɓa nazarin sa a nan: a 2012 an wallafa wani ɗan bincike da aka yi a Maraɗi da kewaye kan yadda mutane ke karɓar bidiyon zane a salula, kan kare kai daga kwalara da haɗa maganin ƙwari da 'ya'yan bedi da ajiyar wake.

Ka ɗauki salularka ka je gona ka ɗauko gawo da damina, ya zubar da ganye lokacin da kowane itace ke kore, gero ya yi baƙi ƙirin a ƙarƙashinsa, ka bar mai gonar ya yi bayani kafin masani ya ɗora. Ranar za ka ga wani irin martani da ba ka saba gani ba. Za a gyara maka magana, a ce a Dakoro ba haka muke yi ba, a Madarunfa kaza ne. Wannan ne martanin da ya fi kowanne daraja, don mai gyara maka ya ɗauki shirin nasa ne.

Masu "ƙaryar Nasara" ba jinsi ɗaya ba ne, kada ka haɗa su a kwando guda. Akwai waɗanda shakkarsu tana da tushe. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, wani kamfanin magani na waje ya yi gwajin sabon magani a Kano, gwajin ya shafi yara 200, 11 suka rasu, aka yi shekaru ana shari'a kan ko an nemi yardar iyaye yadda ya kamata. Wannan tabon yana cikin abin da ya sa aka ƙaurace wa rigakafin shan-inna a Kano a 2003, cutar ta sake bazuwa har ta ƙetaro iyaka, kuma sai a watan Agusta na 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da nau'inta na asali, wanda ake kira na daji. Tsakaninmu da Katsina tafiyar 'yan sa'o'i ce, abin da aka ji can an ji shi nan. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Irin wannan mutum ka amsa masa da girmamawa, ka yarda da abin da ya faru, ka nuna masa yadda ake sa ido a gwaji yanzu da kuma wanda ya biya kuɗin binciken da kake kawowa. Akwai masu tambaya ta fuskar addini, musamman in ka taɓo shekarun duniya ko asalin halittu. A nan ka tsaya a iyakarka: ga abin da aka auna, ga yadda aka auna shi. Fatawa ba taka ba ce, kuma garin nan bai rasa malamai masu ilmin falaki da za ka gayyato ku zauna tare ba. Sai na uku, masu zagi. Waɗannan ka goge, ba tare da jayayya ba. A 2013 masana a Jami'ar Wisconsin sun ba mutane labarin kimiyya iri ɗaya, wasu da sharhi na ladabi a ƙasa, wasu da na cin mutunci, sai aka ga zagin kaɗai ya sa masu karatu sun ƙara rabuwa kan haɗarin abin da aka ba su labari. A shekarar ce mujallar Popular Science ta rufe wurin sharhi a shafinta. Kai ba sai ka rufe ba, amma shara tana hannunka.

Wani abu kan harshe, tunda tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar kuma nauyin ya ƙaru a kan irinku. Rabin masu kallonka suna ƙetaren iyaka, kalmar Faransanci da ka saba da ita ba su san ta ba, kamar yadda ta Ingilishi ke wuce mutumin Tibiri. In ka ari kalma ka fassara ta sau ɗaya da Hausar gida. "Kashi 30 cikin 100" ka mayar da shi "cikin yara goma, uku". Wadda ta fi ba ni tsoro ita ce "ƙwayar cuta", don muna kiran bakteriya da bairus da suna ɗaya, shi ya sa mai mura ke sayen maganin kashe bakteriya wurin mai tallar magani a faranti, ba ya yi masa komai sai ƙara wa cututtuka taurin kai. Duk sanda ka ambace ta ka faɗi wace iri ce.

Masu "Masha Allah" kuwa addu'a suka yi maka, ka karɓa. Ba su ce komai ba ne don ba ka tambaye su komai ba. "Ku faɗi ra'ayinku" ba tambaya ba ce. Ka ware lamba guda ta WhatsApp don saƙon murya, ka rufe shiri da tambaya ɗaya takamaimai, kamar yaushe aka yi shuka a garinku bana, ko wa ya ga murzuna a gonarsa. Ka sa muryoyi biyu a shiri na gaba, da izinin masu su. Mata da dattawa ta nan za su shigo.

Filinka na farko na "Ina aka kwana?" na riga na ga abin da ya kamata ya ɗauka. A shirinka na watan jiya ka ce an samu maganin sikila, wadda muke kira emasi, ta hanyar gyaran ƙwayar halitta. Gaskiya ne: Birtaniya ta amince da Casgevy a watan Nuwamba na 2023, Amurka a Disamba. Abin da ba ka faɗa ba, kuɗinsa a Amurka dalar Amurka miliyan 2.2 ne ga mutum guda, sama da miliyar ɗaya na sefa. Sai an ɗebi ƙwayoyin da ke haifar da jini daga jikin mai ciwon an gyara su da fasahar CRISPR, a ba shi magani mai ƙarfi irin na masu ciwon daji ya share ɓargo, sannan a mayar, ya yi makonni a kwance a babban asibiti, kuma da aka amince da shi, daga shekara 12 zuwa sama aka ce. A ƙarƙashin bidiyon, can ƙasa da masu gardamar Mars, wata baiwar Allah ta rubuta da Hausar da ta sha wahalar haɗawa cewa 'ya'yanta biyu ke da ciwon, a wane famasi ake samun maganin, ko nawa ne za ta nema. Kwana ashirin da uku babu wanda ya amsa mata. Ka amsa mata yau, kafin Juma'a. A shirin kuma ka gayyato likita ya faɗi abin da ke hannu a ƙasar nan: shan ruwa da yawa, kare yaro daga sanyi da masassara, rigakafi a kan lokaci, magungunan da likita ke rubutawa don rage yawan tashin ciwon, cibiyar masu emasi da ke Yamai, da gwajin jini kafin aure, don in uwa da uba duk AS ne, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da SS.